Ruwan Daminarmu Daga Teku Yake Zuwa: Ya Kamata 'Ya'yan Sakkwato Su Shiga Binciken Ilmin Teku

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Idan aka tara ɗaliban da ke shirin shiga jami'a daga unguwar Hubbare da kewayenta aka tambaye su abin da suke burin karantawa, amsar ba ta wuce likitanci, aikin lauya, injiniyanci, ko ilmin mulki. Da wuya a sami wanda zai ce yana son ya zama masanin teku, kuma in ma an samu, dariya 'yan'uwansa za su yi masa, su tambaye shi inda ya taɓa ganin teku, alhali daga Sakkwato zuwa Ikko tafiyar kusan kilomita dubu ce a mota. Iyaye ma haka za su ce, watau ina ruwan biri da gada.

Ra'ayin wannan shafi shi ne wannan dariya kuskure ce, kuma kuskure ne mai tsada. Jihar Sakkwato da maƙwabtanta suna cikin wuraren da abin da ke faruwa a teku ya fi shafa a duk faɗin Nijeriya, saboda haka suna cikin waɗanda ya fi kamata su horar da 'ya'yansu a wannan fanni, su kuma ba su aikin bincike na din-din-din a jami'o'insu.

Inda Damina Take Fitowa

Manomin gero a Gwadabawa ko Tangaza yana da watanni huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba, da zai sami ruwan da zai ci da iyalinsa shekara guda. Wannan ruwa kuwa ba daga Gulbin Rima yake tashi ba. Idan bazara ta yi tsanani, Hamadar Sahara ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta takan yi sama, sai iska mai laima ta taso daga tekun Atlantika, daga ɓangaren da ake kira Mashigin Gini, ta nufo arewa don ta cike gurbin. Ita ce iskar da ke kaɗowa daga kudu maso yamma kafin faɗuwar damina, kuma ita ke ɗauko mafi yawan tururin da ke zama hadari a kanmu.

Ƙarfin wannan iska da nisan da za ta iya kaiwa sun dogara ƙwarai a kan ɗumin fuskar teku. A watannin Mayu da Yuni ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashi ya mamaye wani yanki na Mashigin Gini. Sanyin nan yana ƙara bambancin da ke tsakanin teku da tudu, shi kuma bambancin yana taimakawa wajen tura ruwan sama ya baro bakin gaɓa ya hauro ƙasashenmu wajen ƙarshen watan Yuni. A shekarar da ruwan Mashigin ya yi ɗumi fiye da kima, ko kuwa arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada shi da kudancinsa, hadarin yakan maƙale a kudu, mutanen bakin teku su yi ta fama da ambaliya, mu kuwa a nan a yi ta fita roƙon ruwa.

Dattawanmu ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, lokacin da dabbobi suka ƙare, jama'a suka yi ta kwararowa daga Jamhuriyar Nijar suna neman abin sa wa a baka. Haka kuma ba su manta da na 1983 da 1984 ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wancan zamani laifin farin a kan talakawanmu aka ɗora shi. A 1975 wani shahararren masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa idan kiwo ya cinye ciyayi ƙasa ta zama fili fetal, takan mai da hasken rana sama, hakan kuma ya rage hadari. Daga nan aka yi ta zargin makiyayi da mai saran itace da cewa su suka kori damina.

Masu binciken teku ne suka sassauta wannan hukunci. A 1986 wasu masana uku na Hukumar Yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa shekarun fari a yankin Sahel suna tafiya tare da wani irin sauyi na ɗumin tekunan duniya. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka gwada da kwamfuta, suka ga cewa idan aka ba ta lissafin ɗumin teku na shekarun da suka wuce, tana iya fito da mafi yawan tarihin damina da fari na yankinmu. Sare itatuwa yana da illarsa, kuma yana ƙara wa fari tsanani, amma tushen al'amarin yana can cikin ruwa. Har ɗumamar da kan auku a tekun Fasifik, wadda ake kira El Nino, ta zo daidai da munanan shekarun nan, domin an yi ta a 1972, aka kuma yi wata babba a 1982 zuwa 1983.

Abin lura a nan shi ne, da zargin da wankewar duk a ƙasashen waje aka yi su. Mutanen da farin ya kashe wa shanu ba su da wakili a zauren da aka yanke hukunci a kansu. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tekun Da Ya Taɓa Rufe Sakkwato

Wanda ya ce babu abin da ya haɗa Sakkwato da teku, sai ya je Kalambaina ya dubi dutsen farar ƙasa da ake haƙowa ana yin siminti da shi tun 1967. Dutsen nan ragowar ɓawon ƙananan halittun ruwan gishiri ne da suka taru a ƙarƙashin wani teku marar zurfi, wanda masana ilmin duwatsu suka ce ya ratso ta Sahara ya rufe wannan yanki kimanin shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce. A Dange da Wurno da Gada da Dukamaje ana tsintar haƙoran kifaye da ƙasusuwan kunkuru da kadoji da suka zama dutse. Wata babbar dabbar teku mai kama da kada, wadda masana daga Italiya suka yi nazarin ƙasusuwanta, sunan Goronyo aka laƙaba mata a 1972, ana kiran ta Goronyosaurus. Wani tsohon kada kuma da aka bayyana a 1975 sunansa Sokotosuchus. Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekaru yana nazarin waɗannan duwatsu na kwarin Sakkwato.

Watau dai sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan ilmin tsoffin tekuna da ake karantawa a jami'o'in duniya, amma yaron da aka haifa a Goronyo yana iya gama sakandare bai taɓa jin labarin ba. Gidan simintin da yake kwana a ciki da ragowar teku aka gina shi. Ɗalibin da ke son nazarin tarihin teku daga duwatsu yana da wurin aiki a bayan gari, ba sai ya hau jirgin ruwa ba.

Neman sanin ruwaye da ƙasashe ba baƙon abu ba ne a wannan birni. Mutane suna zuwa Hubbare daga nesa don ziyarar kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, amma gadon da gidan nan ya bari gadon karatu da rubutu ne. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Tukururu da mutanensu, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani. Da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 yana neman sanin inda kogin Kwara ya nufa, Bello ya ba shi taswirar ƙasashen, suka kuma tattauna yadda za a buɗe ciniki ta bakin teku. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin a kwalekwale har inda ya faɗa Atlantika. Ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Rima, da na Gulbin Sakkwato, can yake ƙarewa. Idan shugaban da ke zaune a nan shekaru 200 da suka wuce ya ga dacewar ya san hanyar teku, ba mu da hujjar cewa ta yi mana nisa a zamanin jirgin sama.

Rabonmu A Cikin Ruwan

Teku dukiyar Tarayya ce. Nijeriya tana da gaɓar da ta kai kimanin kilomita 853, kuma bisa Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 tana da ikon cin albarkatun ruwa har nisan mil 200 na awon teku daga gaɓa. Manyan rijiyoyin mai irin su Bonga, wadda ta fara aiki a 2005, da Agbami ta 2008, duk a tsakiyar ruwa mai zurfi suke, kuma daga kuɗinsu ake raba kason da ke biyan albashin ma'aikacin da ke karanta wannan jarida. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a ƙara wa Nijeriya kimanin murabba'in kilomita 16,300 na ƙasan teku. Ba da yaƙi aka samo wannan fili ba, da awo da lissafi aka same shi, bayan aikin shekaru da masana suka yi suna auna zurfin ruwa da kaurin lakar da ke ƙasansa. Ɗaya daga cikinsu, Farfesa Lawrence Awosika, har ya taɓa shugabantar hukumar Majalisar mai duba irin waɗannan buƙatu.

Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin Sakkwato daga teku yake. Wayoyin da ke ɗauke da intanet a ƙasan teku aka shimfiɗa su, kuma mun ga abin da ya faru ran 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, harkar banki da sadarwa ta rikice a ƙasashe da dama har da namu. Hatta ƙurar hunturu da ke turnuƙe mu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, tana wucewa ta kanmu ta zuba a Atlantika, inda sinadarin ƙarfen da ke cikinta yake zama taki ga ƙananan tsirran da kifi ke ci. A watan Agustan 2023 an kafa ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku da tattalin arzikinsa. Za a ɗauki ma'aikata, za a kafa kwamitoci, za a yanke shawarwari. Tsarin raba muƙamai tsakanin jihohi ba zai amfane mu ba idan aka nemi mai takardar ilmin aka rasa.

Yadda Ake Zama Masanin Teku

Ya kamata ɗalibai su san cewa ilmin teku ba aikin matuƙin jirgi ba ne, ba kuma aikin sojan ruwa ba ne. Rassa huɗu gare shi. Akwai masu nazarin motsin ruwa, da igiyarsa, da zafinsa, da yadda yake mu'amala da iska, kuma waɗannan su ne aikinsu ya fi shafar damina. Akwai masu nazarin sinadaran da ke cikin ruwan. Akwai masu nazarin halittunsa, tun daga waɗanda ido ba ya gani har zuwa manyan kifaye. Sa'an nan akwai masu nazarin ƙasan teku da duwatsunsa.

Masu wannan sana'a da yawa ba da ita suka fara ba. Digirin farko a lissafi, ko fiziks, ko kemistiri, ko bayoloji, ko ilmin duwatsu ya isa zama tushe, kuma duk ana koyar da irin waɗannan a jami'o'in Arewa, har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a nan a 1975. Wanda yake son ya fara da fannin kai tsaye yana iya neman Jami'ar Kalaba, wadda ta daɗe da shahara a ilmin teku, ko Jami'ar Ikko, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Bayan digirin farko sai na biyu, wanda kan ɗauki shekara biyu, sa'an nan na uku, wanda kan ci shekara uku zuwa biyar, inda ɗalibi zai ɗauki tambaya guda ya bi ta har ya fito da abin da ba a sani ba a da. A Kwatano, cikin Jamhuriyar Benin, akwai karatun digiri na biyu a kan motsin ruwan teku da aka fara a 2008 tare da haɗin gwiwar wata jami'ar Faransa, ana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen yankin. A garin Mindelo na tsibiran Kef Bad kuma akwai wani a ƙarƙashin shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa don ɗaliban Afirka ta Yamma.

Wanda ya gama yana iya koyarwa da bincike a jami'a, ko ya shiga Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da aka kafa a Ikko a 1975, ko Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa wadda ke fitar da hasashen damina kowace shekara, ko cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda farin nan da muka ambata. Matsayin mai bincike yana ƙaruwa ne da yawan aikin da ya wallafa da ingancinsa, bayan wasu masana sun tantance shi, da kuma ɗaliban da ya yaye.

Wani abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne, yanzu ba dole ne mai bincike ya zauna a bakin ruwa ba. Tun 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka kafa jerin na'urorin awo da aka ɗaure a tsakiyar Atlantika, shirin da ake kira PIRATA, wasunsu a cikin Mashigin Gini. Akwai kuma na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, suna nitsewa har zurfin mita 2,000 suna tasowa duk bayan kwana goma, su aika da awon zafi da gishiri ta tauraron ɗan'adam. Duk waɗannan alkaluma kyauta ake ba da su ga duk mai buƙata. Malamin da ke zaune a Dundaye, in yana da kwamfuta da wutar lantarki da ilmin lissafi, yana iya ɗauko awon ruwan Mashigin Gini ya gwada shi da ruwan saman da aka auna a Sakkwato da Gusau da Birnin Ƙonni. Ya ma fi takwaransa na Turai dama, domin yana iya fita ya tambayi manomi ranar da ya yi shuka da ranar da ta ƙone.

Masu Cewa Ba Yanzu Ba

Akwai masu cewa jihar da ba ta da isassun likitoci da malaman firamare ba ta da halin kashe kuɗi a kan teku. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba wanda ya ce a rage ko kujera ɗaya daga ta likitoci. Abin da ake nema kaɗan ne. Mutum biyar ko shida masu digiri na uku sun isa su kafa rukunin bincike mai ƙarfi. Kuma shekarar da damina ta ƙi, ko ta zo da hauka kamar ta 2010, lokacin da ruwa ya ɓalle daga wajen madatsar Goronyo ya cinye gonaki da ƙauyuka ya kuma yanke hanyar zuwa jami'a, likitan ma shi ke karɓar yaran da yunwa da amai da gudawa suka kayar. Hasashen da zai gaya wa manomi ya shuka iri mai saurin nuna, ko ya gaya wa masu kula da madatsa su rage ruwa da wuri, shi ma rigakafi ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma masu cewa aikin bincike a ƙasar nan wahala ce zalla. Ba za mu ɓoye wa ɗalibai gaskiya ba. Albashin malamin jami'a bai taka kara ya karya ba, kayan aiki sun yi ƙaranci, fitar jirgin bincike cikin teku tana cin kuɗi mai yawa, kuma a 2022 yajin aiki ya rufe jami'o'in Tarayya har wata takwas. Wanda ya shiga don neman dukiya zai yi da-na-sani. Ga kuma haɗarin cewa wanda aka horar zai iya samun aiki a waje ya ƙi dawowa. Maganin wannan shi ne a tanadar masa gurbi da kayan aiki kafin ya gama, domin mafi yawan masu tafiya rashin wurin aiki ne ke korarsu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, hukumomin ba da tallafin karatu na jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara su ware gurabe ko da biyu ne kowace shekara don digiri na biyu da na uku a ilmin teku da yanayi, da sharaɗin wanda ya amfana zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru.

Na biyu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta haɗa malamanta na fiziks da lissafi da labarin ƙasa da ilmin duwatsu a rukuni guda mai nazarin dangantakar teku da damina, ta ƙulla yarjejeniya da cibiyar Ikko da ta Yamai, ta kuma yi amfani da kuɗin horar da malamai na asusun TETFund wajen tura matasan malamanta. Jami'ar da ta riƙe cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980 ba za ta kasa wannan ba.

Na uku, a tanadi ɗaki a birnin Sakkwato inda za a ajiye ƙasusuwa da ɓawon halittun da ake samu a Dange da Kalambaina, da bayani cikin Hausa, a riƙa kai 'yan makaranta. Yaron da ya riƙe haƙorin kifin teku da aka tono a ƙasar kakanninsa ba zai sake tambayar abin da ya haɗa shi da teku ba.

Na huɗu, malaman sakandare masu ba ɗalibai shawara su riƙa ambaton wannan fanni, musamman ga yara maza da mata masu ƙwazo a lissafi, waɗanda sau da yawa ake tura su inda ba su da sha'awa don kawai ba a san da wata hanya ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na ilmin teku, kuma rabinsu ya riga ya wuce. Horar da mai bincike guda, daga shiga jami'a zuwa digiri na uku, yana cin shekara goma ko fiye. Fari kuwa zai sake dawowa, kamar yadda ya saba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga gwamnatocinmu da shugabannin jami'o'inmu su fara da ɗaliban da ke aji yanzu, domin in ya dawo a sami 'ya'yan ƙasar nan cikin masu hango shi tun daga nesa. Allah ya ba mu damina mai albarka.